Yadda Ake Ɗaukar Tarihin Tsohon Sojan Yaƙin Basasa da Ke Zaune a Ƙauye

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, shekarar da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, yanzu ya haura 75. Waɗanda suka yi na Sifaniya tsakanin 1936 da 1939 kusan duk ƙasa ta rufe musu ido. Manyan hafsoshi sukan bar littafi, amma kurtun da ya koma gona bayan an sallame shi, tarihinsa a bakinsa yake. In akwai irinsa a danginku, kada ka ce sai an samu sarari.

Ziyarar farko ba ta ɗaukar murya ba ce. Ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da kake so da kuma waɗanda za su saurara. Ka roƙi ya nuna maka takardunsa: ta sallama, ta fansho, lambobin yabo, tsofaffin hotuna. Ka ɗauki hoton kowace gaba da baya, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, domin sau da yawa kwanan wata da sunan bataliya a bayan hoto suke. Kada ka kai su a yi musu laminatin. Zafi da gam suna lalata tsohuwar takarda, kuma ba a iya cirewa. Ambulan mai tsabta a wuri marar laima ya wadatar.

Waya ma ta isa aiki. Ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka, ka zaɓi WAV, wato tsarin ajiye murya da ba ya rage ingancinta, in manhajar ɗaukar muryar tana da shi. Awa ɗaya a wannan tsari takan ci megabayit 300 zuwa 600, saboda haka ka share wuri tun daga gida, ka tafi da batirin ajiya. Ka ɗora wayar a kan ƙyalle, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsa. Fanka da janareta da iska su ne manyan masu ɓata murya, sai ruwan sama a kan rufin kwano. Ka gwada minti ɗaya ka saurara da abin kunne kafin ku fara.

Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma da hantsi, kafin gajiya ta kama shi. Zama uku ko huɗu sun fi dogo guda ɗaya. Ka buɗe kowane da faɗin kwanan wata da wuri da sunansa, sannan shi da bakinsa ya ce ya yarda a ɗauka. Ku kasance ku biyu, ko da mutum ɗaya da ya aminta da shi. In jama'a suka taru, labarin jarumtar da ya saba bayarwa kawai za ka samu.

Kada ka fara da fagen daga. Ka fara da ƙuruciya: me yake yi kafin yaƙi, wa ya ba shi shawarar shiga soja, me mahaifiyarsa ta ce ranar da zai tafi. Sannan ka tambayi lambarsa ta soja. Tsoho yakan manta shekarar da aka yi abu, amma da wuya ya manta wannan lamba, kuma da zarar ya faɗe ta sai ka ga ya gyara zama, sunayen abokai sun fara zubowa. Tambaya a kan ƙananan abubuwa ita ke buɗe baki: “Baba, takalmin ya yi maka daidai?” ko “Yaya kuke samun labarin gida?” Tambayar ko ya kashe mutum kuwa, ka bar ta. In yana so, shi zai kawo maganar.

Idan ya yi shiru, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka ce uffan. Abu mai nauyi yakan biyo bayan shirun. Amma in ka ga hannunsa na rawa, numfashinsa ya sauya, ko ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ka kashe na'urar ya gani, ka mayar da hirar kan jikoki ko gona. Kada ka tashi ka bar shi a wannan hali, kuma washegari ka tambayi iyalinsa ko ya samu barci.

Zai haɗa wani yaƙi da wani, ya gauraya abin da ya gani da abin da ya ji a rediyo. Hakan ba ƙarya ba ce, shekaru ne. Kada ka yi masa gyara yana magana. Ka tambaye shi ko damina ce ko rani, in kuma an taɓa harbinsa, ko kafin harbin ne ko bayan nan, daga baya ka auna da takardunsa. Ka ware zama guda don rayuwar bayan yaƙi: dawowa gida, ciwon da bai warke ba, zirga-zirgar fansho. Matarsa ma a ji ta bakinta, ita kaɗai.

A ranar ka kwafe muryar wuri uku: kwamfuta, filasha, da ma'ajiyar intanet ko hannun wani ɗan'uwa a wani gari. Sunan fayil ya ƙunshi shekara da wata da rana da lambar zama. Rubuta hirar awa ɗaya yakan ci awa shida ko fiye, kuma a rubuta yadda ya faɗa, ba tare da gyara masa harshe ba. Kafin ka sa ko minti ɗaya a intanet, ka kunna masa ya ji, ya nuna abin da za a cire, musamman inda ya ambaci sunan wani da laifi, domin 'ya'yan wancan suna raye. Kwafi na farko a hannunsa za ka damƙa.