Kurakuran masu neman asalin ɗan Ayalan da ya yi aikin masaƙa a ƙasar waje

Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum. Mutum ya zo da suna guda, ya ce wata mata ce ta bar Ayalan a shekarun yunwar dankali, tsakanin 1845 da 1852, ta ƙare a masaƙar auduga ta Lowell a Amurka ko ta Manchester, ko masaƙar rama ta Dundee a Sikotilan, yana son gano ƙauyensu da iyayenta. Wani ɗalibin tarihi ne, wani dangin da ya yi aure a cikinsu yake bi, wani kuma aikin kuɗi ya karɓa. Dalilinsu ya bambanta, amma rami ɗaya suke faɗawa, kuma na gaji da maimaita amsa.

Babban kuskure shi ne tsallaka teku da wuri. Da mutum ya ga an rubuta Ayalan a gurbin wurin haihuwa, sai ya bar garin masaƙar ya dira kan takardun Ayalan yana laluben suna. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu kuwa ba ta fitar da shi. Takardun Ayalan na wancan ƙarni an tsara su ne bisa wuri. Ƙasar na da larduna 32, kowane lardi da gundumominsa na coci, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƴan ƙananan yankuna da suke kira townland, sun haura 60,000, wasu ba su wuce gonaki kaɗan ba. In ba ka da sunan gunduma ko na townland, neman Mary Murphy a lardin Cork tamkar neman wata Hauwa ce a Kano, ba sunan uba ba unguwa. Za ka same ta, har guda ɗari ma, kuma ba ka da hanyar sanin wacce ce taka.

Sunan ƙauyen yana can inda ta zauna ta yi aiki ta mutu, a nan ake tono shi. Dutsen kabari ne farkon abin dubawa, domin ƴan Ayalan a Amurka suna son a sassaƙa gundumar da suka fito a jikinsa. Sai jaridar Pilot ta Boston, wadda daga 1831 har 1921 take buga cigiyar dangin da suka ɓace: mai cigiya kan faɗi townland, da shekarar tafiya, da garin da aka yi wa mutum ganin ƙarshe. In ta ratsa ta New York, littattafan bankin Emigrant Savings, wanda aka buɗe a 1850, sun rubuta wa masu ajiya da yawa wurin haihuwa da sunan jirgi da sunayen iyaye, don a gane mai kuɗin in ya zo cira. Wanda nasa ya je Dundee ko Paisley shi ya fi kowa sa'a. Sikotilan ta fara rajistar gwamnati a 1855, takardar haihuwa ta wannan shekarar da kuma daga 1861 zuwa gaba tana ɗauke da rana da wurin da iyaye suka yi aure. In a Ayalan aka ɗaura auren, ga gundumar nan a rubuce a takardar ɗan da aka haifa a Lochee, wata unguwa ta Dundee. Takardar mutuwa ta can kuma tana ba da sunan uba da na uwa, har da sunan gidansu kafin aure. A Ingila ƙidayar jama'a ta 1841 harafi ɗaya kawai take sa wa haifaffen Ayalan, na bayanta mafi yawa sunan ƙasar kaɗai, amma wani mai ƙidayar kan ƙara lardi don kansa, shi ya sa ake duba dukkansu ɗaya bayan ɗaya har zuwa ta 1911, wadda ta nemi a faɗi lardi da gari.

In duk wannan bai ba da komai a kanta ba, a koma kan ƴan'uwanta. Ba a cika yin wannan hijira mutum ɗaya ba. Babbar ƴa ke fara tafiya, ta tara daga albashinta ta aiko da kuɗin jirgi, ƙanwa ta biyo, sai ƙane, sai ɗan maƙwabci. Waɗanda suka tsaya wa ƴaƴanta ranar baftisma, da shaidun aurenta, da masu haya a ɗakinta ranar ƙidaya, yawanci ƴan gida ɗaya ne ko ƴan ƙauye ɗaya. Ni dai ƙa'idata, kowane ɗayansu sai na buɗe masa shafi na bi shi har kabarinsa. Abin da ita ba ta bari a rubuce ba, sau da yawa yana kan dutsen kabarin yayanta.

Kuskure na biyu daga na farko yake fitowa, kuma shi ya fi ɓata min rai: cafke takwara. An samu wata Bridget Kelly da aka yi wa baftisma a shekarar da ta yi kusa, shi ke nan an liƙa ta, an ɗora mata iyaye da kakanni, an sa a intanet, wasu goma sun kwafa. Haba jama'a! Kama da wane ba ta wane. Kun san dalilin da sunayen ke maimaituwa kuwa? Al'adarsu ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uban; ƴar fari kuma ta ci sunan kakarta ta wajen uwa. Ba doka ba ce, ana saɓa mata, amma ta yi ƙarfin da in ƴan'uwa maza huɗu suka yi aure a ƙauye ɗaya, za a iya samun yara huɗu masu suna ɗaya da sunan gida ɗaya, tsiransu shekara biyu ko uku. Mu da muka san yadda gida ɗaya ke cika da masu sunan kaka har sai an raba su da laƙabi, bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Ƙari a kan haka, in yaro ya rasu akan mayar wa na bayansa sunan, don haka baftismar da ka gani tana iya zama ta yayar da ta mutu tana jaririya.

Ba na karɓar kowa sai abu uku sun haɗu: sunan uba, sunan uwa na gidansu, da wuri, kuma dukkansu daga takardar da aka rubuta a ƙasar da ta je. Biyu cikin uku zato ne, da fensir ake rubuta shi. Akwai gwaji ɗaya da kusan ba wanda ke yi, alhali shi ke kashe gardama: ka nemi wannan Bridget ɗin a Ayalan bayan shekarar da taka ta tafi. In ka same ta ta yi aure a gundumarsu a 1858 tana ta haihuwa, alhali taka tana gaban injin kaɗi a Lawrence ta Amurka tun 1853, ai magana ta ƙare.

Sunayen kansu suna sauya riga. Limaman Katolika da yawa da Latin suke rubutu, James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus. Bridget a Amurka takan zama Delia, Honora ta zama Nora ko Hannah, Owen ya zama Eugene. O da Mac na farkon sunan gida suna faɗuwa su dawo. Yawancin mutanen nan ba su ke rubuta sunansu ba, magatakarda ne ke rubuta abin da kunnensa ya ji, saboda haka gardamar wane rubutun ne daidai ɓata lokaci ce.

Sai masu cewa ai komai ya ƙone a 1922. Wannan magana ta hana mutane da yawa farawa. Gaskiya ne a ƙarshen Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta tashi da wuta. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 sun tafi in ban da ɓurɓushi, haka wasiyyoyi da rajistar majami'un Angilikan masu yawa. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa ba wutar ce ta ci su ba, gwamnati da kanta ta lalata su tun kafin nan. To amma ma'aikacin masaƙa talaka ne, mafi yawa ɗan Katolika, ba shi da wasiyya, kuma rajistar cocinsa ba ta taɓa shiga wannan ginin ba, tana hannun limamai. Ɗakin karatu na ƙasa ya ɗauki hotonta har zuwa wajen 1880, kuma tun 2015 tana intanet kyauta. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa, wadda ta game kowa daga 1864, tana nan lafiya, auren waɗanda ba Katolika ba ma tun 1845. Ƙidayar 1901 da 1911 suna nan cif. Matsalar gaske daban ce: a yammacin ƙasar, irin su Mayo da Donegal, gundumomi da yawa ba su fara rajista ba sai tsakiyar ƙarnin, wato bayan an haifi mai tafiyar. A nan ake komawa ga ƙiyasin filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864. Sai dai a tuna mai riƙe da hayar gida ko gona kaɗai yake ambata, ba mata ba yara. Rashin ganin sunan yarinya a ciki ba ya nufin komai.

Shekaru kuma kada a rantse da su. Mutanen nan ba su riƙe ranar haihuwa ba, ga shi yarinya kan ƙara wa kanta shekara don a ɗauke ta aiki, babba kuma ta rage don kada a ce ta tsufa. Ƙidayar Ingila ta 1841 da gangan take zaftare shekarun wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, mai 29 ya zama 25. A Ayalan kuwa, da aka kawo fanshon tsofaffi a 1908 ga mai shekara 70, sai ga mutane sun tsufa da shekara 15 ko fiye tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. Nakan buɗe shekara biyar gaba, biyar baya, in ban samu ba in ƙara.

Wani sakacin shi ne a ga an rubuta ma'aikaciyar masaƙa a wuce, kamar aikin guda ne. Ɗakin da take aiki yana faɗin matsayinta da albashinta, har da ciwon da zai kashe ta. Ɗakin shiɓa shi ne mafi ƙura da ƙarancin kuɗi, can aka fi tura sababbin zuwa, kuma ƙurar ce ke cin huhu. Masu cire kwarkwaron da ya cika su sa wani yawanci yara ne. Mai saƙa ta fi mai kaɗi samu. A Lowell, maza ƴan Ayalan sun iso tun 1822 tare da Hugh Cummiskey don haƙar magudanan ruwan da ke juya injina, suka kafa unguwar Acre, amma cikin masaƙar ƴan matan ƙauyukan New England, yankin arewa maso gabashin Amurka, ne suka cika ta, sai daga ƙarshen shekarun 1840 matan Ayalan suka shiga da yawa. Wanda ya ce kakarsa tana saƙa a Lowell a 1830 sai ya kawo hujja. Littattafan albashi na wasu kamfanonin sun tsira: ɗakin karatu na Baker a Harvard yana da na masaƙun New England da dama, katunan ma'aikatan masaƙar Amoskeag kuma suna Manchester ta New Hampshire. Kada kuma a ɗauka kowa da sana'ar ya taho. Ƴar manomin yamma a can ta fara ganin inji. Na arewa, ƙasar lilin, su ne suka zo da ita a hannu, har kamfanonin gida suka bi su: Barbour na Lisburn ya buɗe masaƙar zare a Paterson ta Amurka, Dunbar McMaster na Gilford ya buɗe a Greenwich ta jihar New York. In naka ya ɓulla a ɗaya daga garuruwan nan, ka san inda za ka fara zato.

Ana kuma mantawa cewa tafiyar ba zango ɗaya ba ce. Da yawa sun yi shekaru a Lancashire ta Ingila kafin su wuce Fall River ta Amurka. Wuraren haihuwar ƴaƴa a ƙidaya su ne taswirar: na fari Ayalan, biyu Ingila, sauran Massachusetts. In iyali sun ɓace tsakanin 1861 da 1865, yaƙin basasar Amurka ne ya yanke auduga, masaƙu suka tsaya a Lancashire da Lowell, mutane suka bazu neman abinci.

Sauran ƙanana ne. Ellis Island, tashar karɓar baƙi ta New York, sai 1892 aka buɗe ta, mai gudun yunwa bai taɓa taka ta ba, kuma da yawa ta Kanada suka shigo don jirginta ya fi araha. Tsakanin Ayalan da Birtaniya babu jerin fasinjoji, ƙasa ɗaya ce a lokacin, kada ka wahalar da kanka. In dangi sun ce daga Cork take, mai yiwuwa tashar Queenstown suke nufi, wadda yanzu ake kira Cobh, inda ta hau jirgi. King's County shi ne Offaly na yau, Queen's County kuma Laois. Gundumar coci ta Katolika da gundumar gwamnati sukan yi suna ɗaya amma iyakarsu daban. Ƙidayar Amurka ta 1890 gobara ta ci yawancinta a 1921, sai a cike giɓin da kundin adireshi na gari. A Amurka matar aure daga 1855 zuwa 1922 ta hannun mijinta take zama ƴar ƙasa, takardarsa ta zama ɗan ƙasa za ka nema, ita ma kafin 1906 ba ta cika faɗin fiye da sunan ƙasa ba. Ƙidayar 1900 kuwa ta tambayi kowace uwa ƴaƴa nawa ta haifa, nawa ke raye. In ta ce tara, huɗu a raye, kai kuma shida ka sani, akwai baftisma uku da ba ka gano ba, kowace da sunayen mutum biyu da suka tsaya wa jaririn.