Kada bolt ɗin negatib ya ƙona muku amfilifayar auna karan

Jama'a, masu auna karan (yawan wutar da ke gudana) na mota, wato injin lantarki mai juyawa, ko na koyil (naɗaɗɗiyar waya), ku kula. Da zarar an yanke wuta, koyil kan mayar da bolt ƙasa da sifili. Amfilifayoyin auna karan irin su cif ɗin INA180 kuwa, iyakar juriyar ƙafafun shigarsu bolt 0.3 ne ƙasa da layin giraun (layin bolt sifili). In ya zarce haka, diyod ɗin cikin cif ɗin ne zai sha wuta.

Ku sa resista a kowace ƙafar shiga, duka biyu daidai wa daida, kada su wuce om 10, don babba tana karkatar da awo. Bayan resistar ku ɗaura diyod ɗin Schottky (diyod mai buɗewa a ƙaramin bolt) don ya tare bolt ɗin negatib, anod a giraun, katod a ƙafar cif ɗin.

Ni dai in mota ce, gara amfilifayar INA240, tana aiki har bolt 4 ƙasa da sifili.