Ɗinkin kaka: ƙananan ayyuka na gida da na sutura kafin sanyi ya kankama

Idan kaka ta shigo, zafi ya fara ja da baya, safiya kuma ta fara zuwa da ɗan sanyi, a nan ne mutum yake lura da abubuwan da bai damu da su ba a watannin baya: iskar da ke kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa, matasan kujera da rigunansu suka koɗe, da suwaitar da gwiwar hannunta ta huje tun bara. Duk waɗannan ana iya gyara su da keken ɗinki na gida, wasu ma da allurar hannu, domin kusan dukkansu miƙaƙƙen ɗinki ne da ba ya buƙatar zif ko ramin maɓalli. Sai dai yawancin aikin da yake lalacewa tun kafin a hau keke yake lalacewa, wato wajen wanki da guga da yanka, saboda haka daga nan ya kamata a fara.

Yadin auduga, musamman falanel mai laushin nan da ake so lokacin sanyi, yana tsukewa a wankin farko. Wanda ya yanka shi kai tsaye daga kan bandir zai ɗinka rigar matashi da ta zauna daidai, amma da zarar ta sha ruwa sau ɗaya sai ta ƙi shiga. Don haka a wanke yadin yadda za a riƙa wanke shi nan gaba, a shanya, a goge shi sumul, sannan a ɗora tef. Ulu kuwa ba a jiƙa shi da ruwan zafi, domin yana cukuikuyewa ya yi tauri; ana ɗora masa ɗanyen ƙyalle ne a danna dutsen guga a kai, a ɗaga, a sake dannawa, ba tare da an ja dutsen ba. Yadin kodiroi, mai layi-layi da gashi irin na karammiski, yana da nasa sharaɗin. Idan aka shafa shi da tafin hannu za a ji santsi idan hannun ya bi inda gashin ya kwanta, idan ya koma baya kuma gashin yana tashi, kuma launinsa yana sauyawa da inda gashin ya kwanta. Dole dukkan ɓangarorin da za a yanka su fuskanci waje ɗaya, in ba haka ba gaban siket zai fi bayansa duhu, kamar yadi biyu aka haɗa. Kibiya ɗaya da alli a bayan kowane yanki ta isa ta hana wannan kuskure.

Allura ma tana bin kaurin yadi. Mai lamba 80 ta dace da auduga da falanel, mai lamba 90 ta fi dacewa da kodiroi da ulu, mai lamba 100 kuma sai yadi mai kauri irin na wandon jins. Tsawon ɗinkin da aka saba shi ne milimita 2.5, amma a yadi mai kauri gara a ƙara shi zuwa 3 ko 3.5, domin ƙanƙanin ɗinki yana nutsewa cikin gashin yadin, kuma warware shi idan an yi kuskure wahala ce. A gwada a kan ragowar ƙyalle tukuna. A duk awon da ke tafe an bar santimita 1 a kowane gefe domin ɗinki.

Aiki mafi sauƙi shi ne matoshin ƙofa, wato doguwar jaka da ake kwantarwa a ƙasan ƙofa domin ta tare iska. A auna faɗin ƙofar, a ƙara santimita 4, a yanka yadi mai wannan tsawo da faɗin santimita 20. A ninka shi gida biyu ta tsawo, fuskar yadin tana ciki, a ɗinke dogon gefen da baki ɗaya, sannan a juya. Tsummoki da ragowar ƙyallaye sun isa cikawa, amma su kaɗai ba su da nauyi, iska mai ƙarfi za ta ture jakar. Abin da ya fi shi ne a zuba busasshen yashi a cikin tsofaffin safa biyu ko uku, a ɗaure bakinsu, a jera su tsakanin tsummokin, sannan a rufe bakin da hannu. Ƙafar tsohon wando ma tana yin wannan aiki, kuma ta zo da dogon ɗinkinta a shirye.

Rigar matashin kujera ita ce ta fi sauya kamannin ɗaki, kuma a kanta ya dace mai koyo ya daɗe, domin yawancin abin da za a buƙata nan gaba yana cikinta. Samfurin da ba ya buƙatar zif shi ne mai baya biyu da ke hawa juna, kamar ambulan. Ga matashi mai santimita 45 a kowane gefe, a yanka gaba guda ɗaya mai 47 da 47, da baya guda biyu, kowanne 47 da 33. A kowane yankin baya, a ɗauki ɗaya daga cikin dogayen gefuna a kalmashe santimita 1, a goge, a sake kalmashe santimita 1, a sake gogewa, sannan a ɗinke. Gugar nan tsakanin kalmasa da kalmasa ita ce mutane suke tsallakewa saboda gaggawa, kuma ita ce take sa ɗinki ya fito a miƙe.

Daga nan a shimfiɗa gaban a tebur, fuskarsa tana kallon sama, a kifa yankunan bayan a kansa, fuskarsu tana ƙasa, kalmasassun bakunan suna haɗuwa a tsakiya. Za su hau juna da kusan santimita 15, kuma wannan hawan shi ne zai hana bayan ya buɗe baki idan an cusa matashin. A kafa fil kewaye, a ɗinke gefuna huɗu, a maimaita ɗinkin sau biyu a wuraren da bayan ya hau juna, domin nan ne yake shan ja. Idan an zo kusurwa, a tsaya allura tana cikin yadi, a ɗaga ƙafar da ke danne yadin, a juya shi, a sauke ƙafar, a ci gaba. Kafin a juya rigar, a datse tsinin kowace kusurwa a karkace, kusa da zaren amma ba a kansa ba, sannan a tura kusurwar daga ciki da bayan fensir. Kada a tura ta da bakin almakashi, ko da yake shi ne yake kusa da hannu, domin yana huda yadi. A ganina, idan matashin ya tsufa ya lotse, gara a yanka gaban 45 da 45 daidai, a rage santimita 2 daga tsawo da faɗin kowane yankin baya, rigar ta ɗan matse shi ya cika ido.

Bargon ɗorawa a gwiwa ba ya buƙatar dogon bayani. Falanel biyu masu girma ɗaya, fuska da fuska, a ɗinke kewaye a bar santimita 20, a juya, a goge, a bi gefen da ɗinki na sama wanda zai rufe ƙofar da aka bari. Idan yadin filis ne, wanda ba ya zarewa, ko kalmasa ba ya buƙata.

A ɓangaren sutura, mayafin wuya mai zobe, wanda ba shi da baki balle ya zame, yana ɗaukar abin da bai kai sa'a ɗaya ba. A yanka yadi mai laushi santimita 160 da 50, a ninka ta tsawo, fuskar tana ciki, a ɗinke dogon gefen har ya zama bututu. Matakin da ke rikita mutane shi ne na gaba. Ba a juya bututun gaba ɗaya. Ana sa hannu ciki ne a kamo ɗaya bakin, a jawo shi ta ciki har ya zo daidai da bakin da hannun ya shiga, fuska na kallon fuska, layin ɗinkin kuma yana kan layin ɗinki. A ɗinke bakunan biyu kewaye, a bar santimita 8, a fito da mayafin duka ta wannan ƙofa, a rufe ta da ɓoyayyen ɗinkin hannu. Tunda a fatar wuya zai zauna, a goga yadin a wuya kafin a saya, domin akwai ulun da yake ƙaiƙayi komai kyawunsa.

Siket mai roba shi ma yadi ne mai kusurwa huɗu. Faɗinsa ana lissafa shi ne daga awon ƙugu inda ya fi faɗi, tunda ta nan zai wuce: a ninka awon sau ɗaya da rabi idan yadin mara kauri ne, amma a kodiroi ko ulu sau ɗaya da kwata ya isa, domin yawan tattara a yadi mai kauri yana tsayawa ƙiƙam a jiki. A tsawon da ake so a ƙara santimita 4 na gidan roba da 3 na kalmasar ƙasa. Bayan an haɗa gefen, a kalmashe saman santimita 1, sannan 3, a ɗinke a bar ƙaramar ƙofa, a zura roba mai faɗin santimita 2.5 da fil mai kulle. Ɗaya bakin robar a maƙale shi da fil a jikin siket ɗin, in ba haka ba zai shige ciki a koma farko. A gwada a jiki kafin a haɗa bakunan robar, kuma idan ulu ne a sa masa shafi mai santsi domin kada ya riƙa manne wa safa.

Suwaitar da ta huje a gwiwar hannu kuma faci take buƙata, amma kafin faci a tare ramin da allura da zare, a bi kewayensa, domin saƙa tana ci gaba da warwarewa a ƙarƙashin faci idan ba a kama ta ba. A yanka faci biyu masu siffar ƙwai, kamar santimita 14 da 10, daga kodiroi ko wani yadi mai ƙarfi, a bi gefensu da ɗinkin zigizag. A sa suwaitar a jiki, a lanƙwasa hannu, a yi alamar tsinin gwiwar da alli, domin idan aka auna ta a shimfiɗe facin yakan sauka ƙasa da inda ake so. A zura kwali ko ƙaramin littafi cikin hannun rigar don kada allura ta kama ɗaya ɓangaren, a ɗinka da hannu ba tare da an ja zaren da ƙarfi ba, saboda saƙar ta samu damar miƙewa. Ɗaya hannun ma a yi masa, ko da bai huje ba, a daidai tsayin da aka yi na farko.