Darasi na 6: Tumatir a Bayan Ɗaki

Duk mai zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos ya san yadda tumatir ke tsada idan damina ta kankama. Gindi 10 a bayan ɗaki na rage wa uwargida kuɗin cefane. Idan babu fili, a huda ƙasan buhun shinkafa, a cika shi da ƙasa mai taki. Buhu ɗaya, gindi ɗaya.

Reno da dashe

A nemi iri mai kyau, kamar Roma VF ko UC82B. A yafa shi a ƙaramin fangali, a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin mako guda zai tsiro. Bayan mako 3 zuwa 4, idan ya yi ganye 4 ko 5, sai a dasa da yamma, rana ta yi sanyi. A bar tazarar kamu ɗaya, wato kusan santimita 50. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma sai wanda ya ruɓe. Ɗanye yana ƙona saiwa.

Laima

Nan ne aikin yake. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma tumatir na son sanyinta. Abin da ba ya so shi ne ganyensa ya kwana a jiƙe. A watan Yuli da Agusta, ruwa ba ya ɗaukewa sosai, rana kuma ba ta daɗewa. Sai a ga tabo baƙi-baƙi a ganye. Idan aka juya ganyen da sassafe, za a ga farin fumfuna a gefen tabon. Kafin mako ya zagayo, gindin ya tafi. Cutar nan ce ke cin dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, domin danginsu ɗaya. Saboda haka kada a dasa tumatir inda aka cire dankalin Turawa, ko barkono, ko gauta.

A kafa wa kowane gindi sanda, a ɗaure shi sako-sako da tsumma. A tsinke ganyen da ke taɓa ƙasa. Ban ruwa kuwa a gindi ake yi, da safe. Masu watsa ruwa ta sama da kwano su daina, cuta suke gayyatowa. Ganyen da ya kamu a cire shi a ƙona. Mai koyo gara ya fara da rani, daga Oktoba ko Nuwamba.

Idan ƙasan 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa, ba tsutsa ba ce. Yawanci ban ruwan ne ba daidai ba: yau a cika, gobe da jibi a manta. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi na riƙe danshi.

Tsutsa

A shekarar 2016, tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har da Filato. A ɗaga ganye a hasken rana. Idan an ga wuri fari-fari kamar takarda, tana ciki. A cire a ƙona. Kafin a sayi maganin feshi, a tambayi malamin gona, kuma a kiyaye kwanakin jira kafin tsinka.

Aiki

Ku rubuta alamomi 2 na cutar laima. Sannan ku auna filinku da kamu, ku rubuta gindi nawa zai ɗauka.