Yadda ake kafa sana'ar wankin gini da injin feshi da gyaran katakon waje

Mutane da yawa na shiga wannan sana'a da zaton ƙarfin ruwa shi ne komai: a sayi injin da ya fi kowane ƙarfi, a saita bindigar feshi a jikin bango, datti ya gudu. Wannan tunani shi ne yake lalata katakon mutane, yake ɓamɓare fenti, yake tura ruwa cikin bango, kuma shi ne yake kashe sana'ar tun ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abin da yake wanke gini shi ne sinadarin da ya dace da lokacin da aka ba shi ya yi aiki. Ruwa ɗauraya ce kawai. Idan ka riƙe wannan, sauran matakan za su zo maka da sauƙi.

Ka fara da inji, amma ka san lambar da za ka duba

Kowane injin feshi yana da lambobi biyu a jikinsa. Ta farko ƙarfin matsin ruwa, ana auna shi da PSI ko da bar. Ta biyu yawan ruwan da yake fitarwa a minti ɗaya. Masu sayarwa sun fi son yi maka tallan ta farko, amma ga ɗan kwangila ta biyu ce ke da muhimmanci, domin yawan ruwa shi ke kwashe dattin da ya riga ya saki, kuma shi ke sa ka gama aiki da wuri. Injin da ke ba da lita 15 a minti da matsi tsakanin PSI 3000 zuwa 4000, wato kusan bar 200 zuwa 275, ya isa a fara sana'a da shi. Ƙananan injuna masu aiki da lantarki da ake sayarwa don wanke mota a gida ba a yi su don aikin yini guda ba.

Ka duba famfon injin. Mai fistan uku ya fi ƙarko, kuma ana iya gyara shi idan robobinsa suka ci. Wanda bel ke juyawa yana gudu a hankali, ba ya saurin zafi, don haka ya fi daɗewa, ko da yake ya fi tsada da nauyi. Abu biyu ne ke kashe famfo da wuri. Ɗaya, barin inji yana aiki alhali ba ka danna bindiga ba: ruwan yana ta zagayawa a ciki har ya yi zafi ya ƙona robobi, saboda haka idan za ka tsaya fiye da minti biyu, ka kashe shi. Na biyu, ƙarancin ruwa. Kafin ka haɗa tiyo a gidan kwastoma, ka tara bokiti mai lita 20 a bakin famfon ruwan gidansa. Idan injinka mai lita 15 ne, dole bokitin ya cika cikin daƙiƙa 80 ko ƙasa da haka. Idan bai cika ba, sai ka zo da tankin ruwanka.

Bakunan feshi suna zuwa da launi, kowane launi da faɗin feshinsa: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na watsa sabulu ne. Jan nan yana yanka katako, yana zana siminti, yana huda fata. Ka ajiye shi can nesa. Bayan waɗannan, kana buƙatar tiyo mai tsawo, da faifan wanke daɓe, wato murfin nan mai zagaye da ke da bakuna biyu masu juyawa a ƙarƙashinsa, da abin feshin sinadari, da burushi mai tauri, da ma'aunin danshin katako.

Takardu kafin aikin farko

Ka yi rajistar sana'arka yadda dokar wurin da kake ta tanada, ka kuma nemi inshorar da za ta biya idan ka yi wa dukiyar wani ɓarna. Gilashin taga ɗaya da ya fashe, ko ruwan da ya shiga akwatin wutar lantarki, na iya cinye ribar ayyuka da dama. Ka kuma tambaya game da ruwan wanki: a wurare da yawa doka ta hana a sake shi cikin magudanar ruwan sama, domin magudanar nan kai tsaye take kaiwa rafi ba tare da an tace ba.

Ka koyi sinadarai huɗu

Baƙi da koren da ke jikin bango yawanci ba ƙura ba ce, abu ne mai rai: gansakuka da fumfuna. Idan ka kankare su da ƙarfin ruwa kawai, suna dawowa bayan 'yan watanni, domin ba su mutu ba. Bilic ne ke kashe su, wato sodiyom haifokulorait. Na gida yakan zo da ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, na masana'anta kuwa 10 zuwa 12.5. Bangon gida yawanci kusan kashi 1 yake buƙata, wato idan na 12.5 ne a hannunka, mudu ɗaya nasa, mudu goma sha ɗaya na ruwa, da ɗan sabulun da zai sa ya manne. Ka fesa daga ƙasa zuwa sama don kada ya bar zane, ka ba shi minti 5 zuwa 10 ba tare da ya bushe ba, sannan ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa da ruwa mai taushi. Ka jiƙa shuke-shuken da ke kusa kafin feshi da bayansa.

Na biyu shi ne sodiyom fakabonet, gari ne da ake narkarwa a ruwan ɗumi, ya fi bilic sauƙi a kan katako. Na uku kostik soda, ita ke cire tsohon man katako, wato man da ake shafa wa katako don kare shi daga rana da ruwa, amma tana ƙona fata kuma tana duhunta katako. Na huɗu asid oksalik, shi ke dawo wa katako haskensa bayan soda, yana kuma cire tabon tsatsar ƙusa.

Kada ka taɓa haɗa bilic da asid, ko bilic da amoniya. Haɗin farko yana fitar da iskar kulorin, na biyu ma iska ce mai guba, dukansu suna iya hallaka mutum. Ko abin feshi ɗaya kada su yi tarayya sai an wanke shi sarai. Safar hannu, tabarau mai rufe ido, da takalmin roba wajibi ne a kowane aiki.

Katako, inda gwaninta take

A nan ne kuɗin sana'ar yake, a nan ne kuma ake yawan yin ɓarna. Dandamalin katako, shinge, baranda, rumfa, kujerun lambu, duk rana da ruwa ke cin su. Hasken rana yana karya sinadarin lignin da ke haɗa zaren katako, shi ya sa saman ke komawa toka-toka. Ruwa kuma yana shiga ya kumbura shi, rana ta busar ya tsuke, har ya fara tsagewa. Aikinka shi ne ka cire mataccen saman nan ba tare da ka taɓa lafiyayyen da ke ƙasa ba, sannan ka shayar da shi abin da zai kare shi.

Da farko ka zagaya ka duba. Ka soka sukudireba a inda katako ya haɗu da ƙasa ko inda ruwa ke kwanciya. Idan ta shige ba wuya, wurin ya ruɓe, kuma babu man da zai gyara ruɓaɓɓen katako, sai kafinta ya canja shi. Ka faɗa wa mai gida tun kafin ka jiƙa komai. Ka mayar da ƙusoshin da suka ɗago. Sannan ka ɗiga ruwa a wurare uku ko huɗu: idan ya tsaya ƙwallo-ƙwallo, akwai tsohon mai da sai an cire, idan ya shige nan take, wanki kawai ake buƙata.

Ka jiƙa katakon, ka fesa sinadari, fakabonet idan wanki kawai ne, soda idan akwai tsohon mai, ka bar shi minti 10 zuwa 15, ka goge da burushi. Wajen ɗauraya ka sauke ƙarfin inji. Katako mai taushi PSI 500 zuwa 600 ya ishe shi, mai tauri ma kada ya wuce 1200 zuwa 1500. Hanya mafi kyau ta rage ƙarfi ita ce saka baki mai faɗin huji, domin matsi ya ragu amma yawan ruwa ya tsaya yadda yake. Ka riƙe bindiga tazarar santimita 20 zuwa 30, ka bi tsawon zaren katako, kada ka gitta shi. Ka fara danna bindiga a gefe sannan ka shigo kan katako hannunka na tafiya, ka bi allo ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa ba tsayawa. Duk inda hannu ya tsaya, tabo zai fito, kuma bayan an shafa mai sai ya ƙara bayyana. Idan ka ga saman katako ya tashi kamar gashin bargo, ƙarfin ya yi yawa. Sai ya bushe a bi shi da sanfefa mai lamba 60 zuwa 80.

Bayan wanki, ka fesa asid oksalik tun katakon na jiƙe, ka ɗauraye sosai. Masu gaggawa suna tsallake wannan mataki, kuma da ido ake gane aikinsu: launin yakan fito da duhu, wani wuri ya sha mai wani bai sha ba.

Daga nan sai jira. Aƙalla awa 48 na bushewa, amma kada ka dogara da lissafin kwana ko taɓawa da hannu. Ka soka ma'aunin danshi a wurare da yawa, musamman inda inuwa take. Sai ya nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari za ka buɗe gwangwanin mai. Man da aka shafa a kan katako mai danshi ba ya shiga, kuma kai za a kira idan ya fara ɓarewa.

Man katako iri biyu ne a taƙaice: wanda ke shiga cikin zaren, da wanda ke yin ɓawo a sama irin na fenti. A daɓen da ake takawa, ni na fi ba da shawarar mai shiga ciki, domin idan ya tsufa koɗewa kawai yake yi, a wanke a ƙara. Mai ɓawo idan ya tsage sai an kankare shi gaba ɗaya, aiki mai wahala da kwastoma ba ya son biya. Ka kuma sani cewa launin da ke cikin mai shi ke tare hasken rana, don haka marar launi kwata-kwata shi ya fi saurin gajiya. Kada ka shafa a tsakiyar rana a kan katako mai zafi, ko lokacin da ake sa ran ruwan sama cikin awa 24. Ko da feshi ka yi, ka bi da burushi don man ya shiga, allo biyu ko uku a lokaci guda, kuma ka share duk wanda bai shige ba kafin ya yi danƙo.

Tsummokaran da suka sha mai, musamman mai ɗauke da man linsid, wani man tsiro da ake sakawa a man katako, suna iya kamawa da wuta da kansu idan aka tara su wuri ɗaya, domin man yana fitar da zafi yayin bushewa. Ka nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ko ka shanya su ɗai-ɗai a fili.

Ayyukan da za ka ƙi karɓa

Rufin asbesto ba a taɓa shi da injin feshi, domin zarensa yana tashi cikin iska ya shiga huhu. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga jikin mutum. Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje a 1978, wasu ƙasashe kuma sun daɗe bayan haka kafin su hana, saboda haka a tsohon gini ka yi gwaji kafin ka kankare. Kada ka hau tsani da bindigar feshi a hannu, tana tura mutum baya. Akwai doguwar sanda don wannan. Kada ka kunna injin fetur a rufaffen wuri, iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. Idan kuma ruwan ya huda fatar wani, a tafi asibiti nan take ko da ramin ƙarami ne, domin ɓarnar tana ciki.

Farashi da yarjejeniya

Kada ka yanka kuɗi ta waya. Ka je ka auna murabba'in mita, ka ƙidaya matakala da sandunan baranda daban domin su ke cin lokaci. Ka haɗa kuɗin sinadari, mai, fetur, sufuri, ladan yaranka, rabon inshora, da abin da kake warewa don gyaran inji, sannan ka ɗora ladan kanka da riba. Ka rubuta awannin da kowane aiki ya ci; littafin nan shi zai gyara maka farashi nan gaba. Aikin katako zuwa biyu ne aƙalla, ranar wanki da ranar shafa mai, kuma dole farashin ya ɗauki duka biyun.

Ka rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: abin da za a wanke, irin mai da launinsa, kafin alƙalami, da abin da ba ka yi alkawari ba, kamar tsohon tabon man mota a siminti wanda ba lallai ya fita duka ba. Ka ɗauki hoton kowace tsaga da kowane fentin da ya riga ya ɓare kafin ka fara. Ka gwada launi a wani lungu mai gida ya gani ya amince.

Samun aiki kuwa, hoton kafin da bayan wanki ya fi kowane talla, ka nemi izinin mai gida ka saka a Facebook ko WhatsApp. Maƙwabta suna kallo yayin da kake aiki, don haka ka tafi da katin sana'arka. Ka ƙulla hulɗa da kafintoci, masu fenti, da masu kula da gidajen haya.

Daɓen katako da rana ke duka yakan nemi sabon mai bayan shekara ɗaya zuwa uku, shinge da bango kuma sukan fi haka daɗewa. Ka rubuta sunan man da ka shafa wa kowane kwastoma, da launinsa, da ranar da ka yi, da yawan litar da ya sha. Idan lokaci ya kusa, kai za ka kira shi, ka je ka sake gwajin ɗigon ruwa kyauta a gabansa. Idan ruwan ya shige, ku sa ranar aiki. Idan ya tsaya, ka gaya masa gaskiya cewa katakonsa zai ƙara shekara, ka rubuta sabuwar ranar da za ka dawo.