Darasi na Tara: Ina Za Ka Ajiye Kwafin Abin da Ke Cikin Wayarka?

Wata ɗalibar ajinmu, mai sana'ar ɗinki, ta zo ranar Asabar ranta a ɓace. Wayarta ta faɗa bokitin wanki. Mai gyara ya buɗe, ya duba, ya ce injin ya ƙone.

"Malam, ni ba wayar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Awon masu kawo min ɗinki duk yana ciki, da muryar Innata da ta turo min kafin ta rasu."

"Hajiya, ba ki da kwafinsu a wani wuri?"

Ta girgiza kai. Ba ta taɓa jin ana yin haka ba.

Ajiyar kwafi ita ce ka sami irin abin da ke cikin wayarka a wani wuri daban, don ko wayar ta tafi, kayanka suna nan. A wayoyi da yawa kalmar da za ka gani a rubuce ita ce "Backup". Ka koyi gane ta. Wurin ajiya iri biyu ne: intanet da kwamfuta.

Ma'ajiyar intanet ita ce Turawa ke kira "girgije". Kada sunan ya ruɗe ka, ba a sama take ba. Manyan kwamfutocin kamfani ne a cikin gine-gine masu tsaro, wayarka ke aika musu kwafi. Mai wayar Android yana samun giga 15 kyauta daga Google. Mai iPhone yana samun giga 5 daga Apple, a ma'ajiyarsu ta iCloud. Giga ɗaya kusan mega 1,000 ne. In hoto ɗaya ya kai mega 3, giga ɗaya zai ɗauki hotuna sama da 300. Bidiyo kuwa ba ya ƙoshi, na biki ɗaya kan cinye wurin ɗaruruwan hotuna.

Gigan nan 15 ba na abu ɗaya ba ne. Saƙonnin Gmail da hotunan Google Photos da takardun Google Drive duk kwano ɗaya suke ci. Daga shekarar 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shigo kwanon. In ya cika, ajiya ta tsaya, sai ka share wasu abubuwa ko ka riƙa biyan kuɗin ƙarin wuri.

Daɗin wannan hanya shi ne ba ta jiran ka tuna. Ka kunna sau ɗaya, ita ke yi da kanta. Ko a kasuwa aka zare maka waya, ka sayi wata, ka shiga asusunka, lambobinka su dawo. Amma tana shan data. Saboda haka ka shiga saitin WhatsApp, wurin ajiyar hira, ka kashe bidiyo. In kana samun Wi-Fi a wurin aiki ko makaranta, ka bari sai a can.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Ranar sayen waya, yaron shago ne ke buɗe musu Gmail, wato asusun Google da ajiyarsu ke ciki. Shi ya zaɓi kalmar sirri, bai faɗa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Sai ranar da waya ta ɓata a gane kaya suna cikin ɗaki, makulli kuma babu. Ka san adireshin Gmail ɗinka, ka san kalmar sirrinka. Yanzu da ka iya rubutu, rubuta su da hannunka a takarda, ka adana inda kake ajiye takardar fili. Ka tabbata lambar wayar da ke maƙale da asusun taka ce. Kada kuma ka yi watsi da asusun, domin Google ya sanar cewa yana iya share wanda aka yi shekara 2 ba a taɓa ba.

Ajiya a kwamfuta ba ta cin data, ba ta da kuɗin wata. Ka haɗa waya da kwamfuta da igiyar USB. A Android za ta tambaye ka abin da kake so, ka zaɓi tura fayil. Ka nemi jakar da aka rubuta wa DCIM, nan hotuna da bidiyon kyamararka suke, ka kwafe ta. In kwamfutar ta ƙi ganin wayar, canja igiya. Wasu igiyoyin na caji ne kawai. Mai iPhone yana iya kwafe wayar kusan gaba ɗaya da manhajar iTunes a kwamfutar Windows, ko da manhajar Finder a Mac, kwamfutar Apple.

Aibinta mantuwa. Wanda ya kwafa da ƙaramar sallah, wayarsa ta lalace bayan babbar sallah, hotunan layya sun tafi. Sannan kwamfuta da waya a gida ɗaya suke kwana, gobara ko ɓarawo na iya haɗawa da su duka. Kwamfutar shago kuwa ban yarda da ita ba. Hotunan iyalinka ba kayan da za ka bari a hannun wanda ba ka sani ba ne.

Wani zai ce ai yana da memori. Memori na taimakawa in waya ta lalace, amma in an sace ta, tare suke tafiya.

Shawarata ita ce a raba kaya. Masu sauƙi da ba a son rasawa, wato lambobi da hirar WhatsApp da hoton katin shaida da rasit, su tafi intanet. Masu nauyi, bidiyon biki da na suna, su tafi kwamfutar gida ko ta ɗan'uwan da ka amince da shi, sau ɗaya a wata. Wanda ba shi da kwamfuta ya fara da intanet yau.

Aikin gida: rubuta adireshin Gmail ɗinka a littafinka ba tare da ka duba waya ba. Sannan ka buɗe WhatsApp, ka nemo ranar da aka yi ajiya ta ƙarshe, ka rubuto ta. Kalmar sirri kada ka kawo ta aji, ko ni na tambaya.