Ciwon Kwiɓi: Inda Ma'aikatan Lafiya Suka Fi Yin Tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raɗa wa ciwo suna tun majinyaci bai gama bayani ba. Da ya dafe kwiɓi sai a ce "ƙoda ce", in kuma da zazzaɓi a tura shi gwajin jini na Widal, a dawo da "taifot da maleriya". Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot a inda cutar ta zama ruwan dare. Mace mai zazzaɓi da kakkarwa da zafin fitsari, wadda ke zabura idan ka ɗan buga bayanta a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ƙwayoyin cuta ne suka hau ƙodarta. Fitsarinta za a karɓa kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a auna, a kai shi a gano ƙwayar.

Ka kalli yadda yake kwance ma. Mai tsakuwar ƙoda ba ya samun zama: yana murƙususu, yana amai, ciwon na taso masa daga kwiɓi ya gangara mara. Wanda wani abu ya fashe a cikinsa kuwa lamo yake yi, ko tari ba ya so.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sallamar mace mai shekarun haihuwa ba tare da gwajin ciki ba. Ko ta ce ta ga al'ada, ko bazawara ce, ko budurwa ce da uwarta tsaye a kanta, a karɓi fitsarin cikin sirri a gwada. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan fara da ciwon gefe ɗaya, in ya fashe kuwa jini ne zai kwarara a ciki. Haka dattijon da ya haura shekara 60, musamman mai shan taba ko mai hawan jini, wanda bai taɓa yin tsakuwa ba: a fara tunanin kumburin babbar jijiyar jini ta ciki. A auna hawan jininsa, a lalubi cikin ko akwai ƙullutu mai bugawa. Saurayi kuma a duba marainansa ko da yana jin kunya, domin maraina in suka murɗe, awa 6 ne kawai ake da su a ceto su.

Rashin jini a fitsari ba ya kore tsakuwa. Ganin jinin ma ba ya tabbatar da ita; yaron da ya tashi yana wanka a kududdufi ko aikin fadama, tsargiya na iya toshe masa hanyar fitsari har ƙoda ta kumbura. Hoton ciki irin na gama-gari (X-ray) yakan tsallake wasu tsakuwoyin. Hoton CT, wanda na'ura mai kwamfuta ke ɗauka yanki-yanki, ya fi gani, amma ga mai juna biyu da yara, da inda babu na'urar, sikanin ake fara yi.

Sai batun allurar diclofenac, wadda har a kemis ake dannawa. Tana aiki sosai ga ciwon tsakuwa, amma a tambayi gyambon ciki, juna biyu da raunin ƙoda tukuna. Mai sikila da ya saba shan irinta, ƙodarsa na buƙatar a yi mata a hankali.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba galibi da kanta take fita, sai a ba da maganin ciwo, a ce ya sha ruwa, musamman a zafin Afrilu. Amma in ta haɗu da zazzaɓi, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ƙoda ɗaya gare shi, ba a cewa "je ka gida ka dawo jibi". A tura shi babban asibiti a ranar, a buɗe wa ƙodar hanya.

A ɗaga riga kuma. Ciwo mai raɗaɗi kamar ƙuna a gefe ɗaya yakan riga ƙuraje masu ruwa fitowa da kwana biyu ko uku, su jeru daga baya zuwa ciki.